Ƙwas-ƙwas ɗin da na sayo wa kaina

Motata lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi, har ranar da na ga ya dace ta shiga filin tsere. Cikin kwana biyu na cire shokazobanta na kamfani, na saka irin mai zare a jiki wanda ake murɗa zobensa a ɗaga mota ko a sauke ta. Gaba na sauke shi milimita 35. Robar saman shokazoba na cire ta, na sa farantin kamba mai ƙwallon ƙarfe, wanda ke ba da damar karkata taya, na kwantar da kan tayoyin gaba ciki digiri biyu da rabi don su riƙe ƙasa a kwana. Na ƙara sandar sitabilaiza mai kauri, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama don rage kwanciyar mota a kwana, da fad ɗin birki na tsere. Na sauke jak, na ja da baya ina kallonta, ina jinjina wa kaina.

Ban yi mita ɗari ba ta fara magana. Ƙwas a dama. Can kuma ɗas. Tsakaninsu wani ƙarar-ƙarar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Abu huɗu na canja a lokaci guda, amma da na tashi neman mai laifi sai na tsallake su duka, na kama waɗanda ban taɓa ba. Ai aikin hannuna ba zai yi ƙara ba. Na sayo bol-joyin biyu, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta, da kan tayarod biyu, wato sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa taya, na canja, na je aka sake alaimen. Na fito daga wurin, ta gaishe ni da ƙwas tun a bakin ƙofa.

Dole na kira yayana, wanda ya fara kwance mota tun ina rarrafe.

"Injiniya, yaushe ƙarar take zuwa?"

"Kullum, Yaya."

"Kullum ba amsa ba ce. Shiga ka murɗa sitiyari."

Mota a tsaye, na kai sitiyari ƙarshen hagu, na dawo ƙarshen dama. Ɗas, ɗas. Ya ɗora tafin hannu a bayan sifirin, yatsunsa nesa da tsakanin zagayen, ya ce na sake. Yana jin sifirin na tsalle a hannunsa. Bayaninsa: a motar da shokazoba ke juyawa tare da taya, robar kamfanin da na cire tana da boris a cikinta, shi ke barin sifirin ya juya salin-alin. Na jefar da shi, sai bakin sifirin ya riƙa maƙalewa a mazauninsa, ya murɗu, ya murɗu, sannan ya ƙwace da ƙarfi. Maganin siririn boris ne mai allurai da ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa, a shafa masa giris kaɗan.

Da muka ɗaga gaban muka tokare da ƙarfen tokare mota, tayoyi na reto, sai ya kama sifirin dama ya juya shi da yatsa biyu. Yana yawo abinsa. Duk sanda taya ta faɗa rami, sifirin zai bar mazauninsa ya dawo da bugu. Muka murɗa zoben har ya taɓa sifirin, muka ƙara matsi na milimita biyu zuwa uku, sannan muka kulle zoben ƙasa a jikin na sama da sifana biyu, wannan na ja hagu wancan na ja dama. Tawa sifanar mai ƙugiya ta ɓata tun ranar farko, har na yi wa yaran gida faɗa a kanta, don haka da tasa muka yi. Ya kuma duba notin saman shokazoba. Wannan sai an riƙe sandar tsakiya da alanki, ɗan makullin nan mai kusurwa shida, kafin a ɗaure, kuma ba a sa masa bindigar iska, don tana iya wulwula sandar ta lalata cikin.

Ƙarar gwangwanin ba ta ɗau minti biyar ba. Ya ce na bi hanya mai gargada a hankali, na ɗora ƙafa kan birki kaɗan. Tsit. Na ɗaga, ta dawo. Fad ne ke rawa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse shi a jikin faifan birki.

"Ina ƙananan ƙarafunan da ke danne shi?"

"Waɗanda ke cikin leda? Na ɗauka gyara suka ba ni."

Bai ce komai ba. Kallon da ya yi mini ya wadatar.

Saura ƙwas, uban tafiyar. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ba motsi, wato boris da bol-joyin lafiya. Ya kama ta gefe da gefe, nan ma shiru, tayarod lafiya. Ya ɗauko tsofaffin da na cire ya murɗa su a hannu, suna nan da taurinsu, robarsu ko tsaga babu. Sannan muka nemi tudun rage gudu. Na hau shi kai tsaye, tayoyi biyu tare: shiru. Na hau shi a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya: ƙwas. Nan ya yi murmushi. Sandar sitabilaiza ba ta murɗuwa idan tayoyin biyu suka hau tare, sai ɗaya ta riga ɗaya. Ƙarar da ke zuwa da taya ɗaya kawai, wurinta ake fara zuwa.

Na ce ai na girgiza linkin, ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sandar da shokazoba, da hannu tun jiya, gam yake. Ya ce da gefe ɗaya na ɗaga motar ko? Haka ne. To idan gefe ɗaya ke sama, sandar na ja da linkin, ko noti a kwance yake za ka ji shi gam. Muka cire linki biyun, muka ɗaure bakin sandar da waya inda ba zai taɓa komai ba, muka zaga a hankali, don ba sanda mota na kwanciya sosai a kwana. Ko ƙis.

Laifi biyu muka samu, duka da sa hannuna. Notin linkin dama bai taɓa ɗauruwa ba: ina murɗa shi ƙusar na juyawa tare da shi, ni kuwa na ji hannuna ya gaji na ce ya isa. Akwai ramin alanki a bakin ƙusar da ake riƙe ta da shi, ban ko lura ba. Har ramin da take ciki ya fara faɗi, gefensa na ƙyalli. Na biyu, kunnen da ake ɗaura linki a jikin sabon shokazoba ya fi na tsohon yin ƙasa, sai linkin kamfani ya yi tsawo, ya tura bakin sandar har tana dukan lowa-am, hannun ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa. Ga tabon nan fes, fenti ya goge. Muka sa linki mai daidaitawa, motar na zaune kan tayoyinta a wuri mai lebur, muka rage tsawonsa har ƙusar ta shiga ramin ba tare da an danna ba. Kowane noti aka ɗaure shi da sifanar awo bisa adadin da littafin motar ya ce, aka ja masa layin fenti don in ya motsa a gani.

Muna gwajin ƙarshe sai ga sabuwar murya, ƙwal-ƙwal, daga gindin gilashin gaba. Zuciyata ta faɗi. Yaya ya buɗe bonet, ya zura hannu cikin kwatar da ke ƙarƙashin waifa, ya zaro sifanata mai ƙugiya.

"Wannan ce yaran suka ɓatar?"

Har yanzu akwai ɗan gurnani da ke shigowa daga saman shokazoba idan hanya ba ta da kyau. Na tambaye shi maganinsa, ya ce babu, ƙarfe ne kan ƙarfe inda da roba take, kuma ni na zaɓa. Ladan aikinsa kuwa, kwalin nan na tsofaffin bol-joyin da tayarod ya ɗauka ya sa a but ɗinsa, ya ce in na tashi zubar da wasu lafiyayyun kayan in fara kiransa.