Na koma aiki, barcin rana ya biyo ni

A watan Maris na 2019 na ajiye aiki ina da shekara 49. Ranar sallama na miƙe na yi wa abokan aikina jawabi mai tsawo, har na ce ni da agogon tashi mun yi rabuwar da babu kome. Na ƙara da cewa duk wanda ya sake ganina da taye a wuya, ya tsayar da ni ya tambayi lafiyata. Aka yi ta tafi. Da na san akwai mai ɗauka a waya, da na taƙaita.

Ba da ka na yi ritayar nan ba. Akanta ne ni, zama na yi na buga lissafi. Na bi ƙa'idar wani Ba'amurke mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, wadda ya fitar a 1994: ka riƙa cire kashi 4 cikin ɗari na abin da ka tara a shekarar farko, kana ƙarawa gwargwadon tsadar kaya, kuɗin zai kai ka shekara 30. Wato in ajiyarka ta ninka kashe-kashenka na shekara sau 25, sai ka naɗe tabarmarka. Na nuna wa uwargida takardar ina ta fankama. Ta duba, ta ce, "Malam, 49 a tara da 30 ai 79 ke nan. In ka wuce 79 fa?" Na ce Allah zai kawo mafita. Ta ce to wannan kuma a wane layi ka rubuta shi?

Abin da ban kula ba, da kasuwar Amurka mutumin ya yi nasa lissafin, kuma babu inda ya ware wa ɗan'uwan da zai bugo da sassafe ya fara da "Yaya, ai kai yanzu ka huta." Sai kuma tsadar 2022 ta zo ta taka takardar tawa ta wuce. A gida ma an fara gajiya da ni. Akantan da ya rasa abin bincike bala'i ne: na ƙirga cokula, na buɗe wa kwan fitila rajista, na nemi rasit a hannun yaro ɗan shekara 12. Da na ce ina tunanin komawa aiki, ban rufe baki ba uwargida ta ɗauko dutsen guga.

Daga nan barcin dare ya ƙaurace min. Sai in kwanta in yi ta saƙa da mugun zare. Wa zai ɗauki mai shekara 54? Me zan rubuta a gibin shekara biyar ɗin nan na takardar neman aiki? Na rubuta "mai kula da harkokin cikin gida", uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wane gidan?" Na goge. Babban ɗana ya ƙara min da cewa yanzu a wurare da yawa na'ura ce ke fara tace takardun kafin idon mutum ya gani. Na ce ashe har wulaƙancin ma an daina yi da hannu. Babban tsorona dai shi ne a ajiye min aiki a gaba in tarar kan ya yi tsatsa, yara suna kallo.

Aka ɗauke ni a wani kamfani, kwana uku a ofis, biyu daga gida. Daren farawa na ciro kwat ɗina na 2019. Rigar ta shiga da lallami. Wandon kuwa sai da na ja numfashi, na riƙe, na haɗa maɓallin da kyar, na juya zan ce wa uwargida "kin gani ko?" Kalmar farko na furta, maɓallin ya tashi kamar harsashi ya daki madubi. Ba ta yi dariya ba, baiwar Allah. Fita ta yi, daga tsakar gida na jiyo ta.

A ofis aka ba ni kwamfuta mai Windows 11. Tun 1995 na san maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, ko ido rufe hannuna ya san gidansa. Na kai linzami can, wayam. Ashe sun kwashe shi sun kai tsakiya, ba sallama. Kalmar sirri kuma sai da babban baƙi, da lamba, da alama, sannan a ce ka duba waya ka kwafo lambobi shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Kafin in cire gilashin nesa, in sa na karatu, in karanta, in maido na nesa, lambar ta mutu. Sau huɗu muna wannan tseren, ita ke ci.

Shugabar sashenmu sa'ar 'yata ta fari ce. Ta zo ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Ni kuma na rasa da wane baki zan amsa, sai na ji na ce, "Ranki ya daɗe, 'yata." Haka na ci gaba da kiranta, tunda gyarawa ta fi kuskuren kunya.

Amma kan bai yi tsatsa ba. Gaskiya da na buɗe Excel, manhajar lissafi, na fara jera VLOOKUP, umarnin nemo bayani a cikin jadawali, ina jin kaina, wani yaro ya raɗa min cewa an yi sabo, XLOOKUP, bayan tafiyata. Na haɗiye. Sai dai a rana ta biyu, lissafin da suka kwana uku suna nema bai daidaita ba, na dubi bambancin na ga yana rabuwa da 9 ba saura. Na ce ku nemo inda aka juya lambobi biyu, an rubuta 54 a madadin 45 ko makamancin haka. Minti goma suka gano shi. Yaron XLOOKUP ya dube ni kamar na yi duba. Na koma gida ina tafiya kamar ingarma.

Duk cikin abubuwan da na kwana ina tsoro, ban taɓa sa barcin rana a lissafi ba. Shekara biyar cur, kullum daga ƙarfe 2 zuwa 3 da rabi, ba fashi. Ranakun ofis na yi ta maganinsa da zagaye da wanke fuska. Ranar Laraba, daga gida, aka sa taro a Teams, manhajar taro ta intanet, ƙarfe 2 daidai. Na kashe kyamara. Na ce bari in ɗan jingina da filo don in fi saurare da kyau. Makirufo kuwa a buɗe na bar shi, kuma manhajar nan duk wanda sauti ya fito daga wajensa, sunansa take haskawa kowa ya gani. An ce minti shida sunana yana haske. An ce mai jawabi ya dakata har sau biyu ya ce, "Baba na da magana ne?"

Ƙarfe 3 da rabi cif na farka, jiki ya yi daɗi, na tarar ni kaɗai na rage a taron. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa.

"Na ji ana ta Baba, Baba," in ji ta.

"To me ya hana ki tashe ni?"

"Malam, kai ka kafa doka a 2019. Ka ce ko gobara ce a bari sai uku da rabi."

Washegari na shiga ofis da takardar ban haƙuri a aljihu, sakin layi uku. Ba wanda ya ce uffan, kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa, kafaɗu ne kawai ke rawa. Shugaba ta zo wucewa ta ce, "Baba, taron Laraba mun maido shi ƙarfe 11." Na ce, "Ranki ya daɗe, 'yata."

Ina zama waya ta yi ƙara. Wani tsohon abokin aikina ne, labarin komawata ya kai masa. Ya turo bidiyon jawabina na 2019, a ƙasa ya rubuta: "Lafiya dai?" Na sassauta tayen, na kife wayar.