Amarya Ta Shiga Hunturun Kanada

Ni dai a harkar babur ban taɓa yarda akwai wanda zai koya mini wani abu ba. Shekara huɗu na yi ina acaɓa a Kano ina haɗa kuɗin makaranta, har zuwa farkon 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Na taɓa ɗauko mutum da buhun masara da akuya a kan Jincheng guda, daga Dawanau har Ƙofar Mazugal, kuma dukkanmu muka sauka lafiya, in ban da akuyar da ta ɗan yi mini ɓarna a riga. To mai irin wannan tarihi, me ya rage masa ya sani?

Da Allah ya kai ni Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, albashina na uku bai kwana ba sai da na sayi tsohon Honda Rebel mai inji 250. Uwargida ta leƙo ta taga, ta ga yadda nake shafa tankinsa da gefen riga, ta ce, "Malam, Allah ya sanya alheri, ashe amarya aka yi mana." Daga ranar sunan ya bi shi. Tun daga watan Yuni har Satumba ni da Amarya muna shan iska, ba ɗan sanda mai cewa a ba shi na goro, ba rami, ba mai Adaidaita Sahu da zai yanko maka ta hagu.

A tsakiyar Oktoba maƙwabcina ya same ni ina wanke ta. Dattijo ne Bature, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ni kuma Baba nake ce masa, har ya saba. Ya tambaye ni yaushe zan kwantar da babur ɗin. Na ce a raina, babur ne ko jariri? Ya shiga yi mini lissafi: a cika tanki, a zuba wani magani a cikin mai, a yi juyen baƙin mai, a cire batir, a toshe salansa. Ina ta gyaɗa kai irin na ladabi. Da ya gama sai na ce, "Baba, kada ka damu, mu ma a garinmu muna da hunturu." Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da ake yi wa yaron da ya ce gobe zai je farautar zaki da danƙo, sannan ya ce to, ya koma gida.

Ba ƙarya na yi ba, muna da hunturu. Sanyi ya sauko zuwa 12 ko 13 da asuba, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, 'yan acaɓa su sa safar ƙafa a hannu, a taru wajen mai shayi ana jin ɗumin wuta. Babur kuwa iyakarsa ka ja cok, ka buga kiki sau uku, ya yi tari ya tashi. Da wannan ilimi na tura Amarya cikin rumfar katako da ke bayan gida, mai bai kai kwata ba a tanki, na lulluɓe ta da tamfol ɗin leda na ɗaure tamau. Kullum Asabar sai in je in tayar da ita minti biyar, wai ina ɗumama inji.

A Disamba ta fara nishi kafin ta tashi. Asabar ta biyu na danna maɓalli, ta ce ƙyat, ta yi shiru. Na yi murmushi irin na tsohon hannu, na kai ƙafa zan buga kiki, ƙafata ta wuce cikin iska har na kusa zubewa. Wata shida ina hawan babur ban lura ba shi da kiki ba sam.

Daga nan ban ƙara leƙa rumfar ba, domin Janairu ya shigo. Wanda bai ga wannan sanyi ba, ba zai gane ba. Ma'auni ya sauka 30 ƙasa da sifili, kana fita gashin hancinka ya daskare ka ji kamar an tura maka tsinken tsintsiya. Kowace mota da igiyar wuta a gabanta tana reto, da dare a jona ta a bango kamar an ɗaure akuya a turke, don kada inji ya ƙi tashi da safe. Mutanen garin da kansu sun yi wa sunansa kwaskwarima suna tsokanar kansu da shi, sun mayar da shi garin hunturu. Ƙanƙara ta toshe ƙofar rumfar har ƙugu. Na ce Amarya ta yi haƙuri, ta yi idda.

Sai Afrilu ƙofar ta buɗu. Ina ɗaga tamfol wani wari ya buge ni kamar na tsohon fenti. Ledar ta tara raɓa a ciki, sarƙa ta yi ja wur da tsatsa. Batir ya kumbura kamar gurasa, gefensa ya tsage. Na buɗe akwatin filtar iska, sai ga ɗaki an gyara tsaf: katifa da soson kujerar babur ɗin, shimfiɗa da safata ɗaya da na yi ta nema tun Nuwamba, a gefe ga rumbun ɓawon iri da aka kwaso daga abincin tsuntsayen Baba. Masu ɗakin su biyar suka fito a jere, babu ko gaggawa, na ƙarshen ma ya tsaya ya dube ni kamar na shigo ba sallama. Wayoyi biyu sun ci su sun bar mini jan ƙarfe tsirara.

Baba ya zo, bai ce ai na gaya maka ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ɗaga batir ya yi mini bayani a hankali. Ruwan da ke cikin batir, idan cajinsa ya cika, asid ne mai ƙarfi da ko sanyin Winnipeg ba ya iya daskarar da shi. Idan caji ya ƙare sai ya koma kusan ruwa zalla, ya daskare, ƙanƙara ta buɗe ta fasa gidan. Ɗumamawar da nake yi kuwa ita ta kashe shi: kowane tayarwa yana shan wuta, minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita, inji kuma bai yi zafin da zai kore tururi ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai. Fetur ɗinsu ma ba irin wanda na sani ba ne, kusan kashi goma cikin ɗari nasa wani sinadari ne da ake tatsa daga masara da alkama, mai janyo danshi. Ya kwana wata biyar a kafireto, ya bushe ya zama ƙaro, ya toshe 'yan ramukan da ba su fi kafar allura ba.

Na kai ta gareji. A nan bakanike awa yake ƙirgawa, kowace awa sama da dala ɗari, kuma duk marasa jin maganar garin sun riga ni layi. Sai da na yi mako uku. Da aka miƙo mini takardar kuɗi na juya shi zuwa naira a waya, na nemi wuri na zauna. Uwargida ta duba ta ce, "Ko lefena bai kai haka ba."

Shekara ta zagayo, na tuba. Tun farkon Oktoba na sayi littafi na je gidan Baba na zauna kamar almajiri. Na yi juye tun inji na da ɗumi, domin tsohon baƙin mai yana da dattin da ke cin ƙarfe idan ya daɗe a kwance. Na cika tanki har wuya don kada iska ta sami wurin yin raɓa, na zuba maganin hana mai lalacewa, na zaga unguwa don ya ratsa ko'ina. Na rufe makunnin mai da ke ƙasan tanki, na tsiyaye kafireto. Na wanke sarƙa na shafe ta, na ƙara wa tayu iska na ɗora babur a kan katako, na rufe shi da tsohon zanen gado mai shan iska. Batir kuwa na rungumo shi zuwa cikin gida, na shimfiɗa masa kwali a lungun falo, na jona masa 'yar na'urar da ke ɗiga masa caji kaɗan-kaɗan. Kowace safiya kafin in karya sai na duba ko fitilarta tana kore.

"Malam," in ji uwargida, "ni da na yi mura mako guda ban ga ana duba ni haka ba."

Saura toshe salansa saboda ɓeraye. Baba ya ce soson ƙarfe ne maganinsu, ba sa iya cinsa. Dare ya yi, ga sanyi, kanti da nisa. Na shiga kicin na ga sababbi guda biyu na wanke tukunya, ga salansa biyu. Na cusa kowanne har ciki, na bi da tsumma, na danna da sanda. Baba ya ce in rubuta duk abin da na toshe ko na rufe a takarda in liƙa a kan tanki. Na nuna masa kaina na ce takardata tana nan. Washegari uwargida ta juye kicin tana neman sosonta. Na ce, "Ai kin san ɓerayen ƙasar nan, babu abin da ba sa ja." Ta sayi tarko har uku.

Ranar Asabar ta ƙarshen Afrilu na gayyato abokaina biyu, ɗan Zariya da ɗan Maraɗi, su zo su ga aikin ilimi. Baba ma ya jingina da shinge. Na mayar da batir, na ce musu dannawa ɗaya. Na danna. Inji ya juya da ƙarfinsa, gwanin daɗi, amma bai kama ba. Na sake. Na ja cok. Na cire filogi na hura masa iska na goge a wando, kamar yadda muke yi a bakin titi. Ɗan Maraɗi ya ce ko a tura. Muka tura ta har ƙarshen layi muka dawo muna haki. Gumi ya keto mini a garin da ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Da abin ya ƙi, na kira kawuna ta bidiyo, bakaniken babur ne a Kano shekara talatin. Sha ɗaya na safe a wurinmu, biyar na yamma a wurinsu, yana gareji yaransa sun kewaye shi. Na fara zuba masa bayanin sinadarin masara da danshi. Ya katse ni.

"Kai yaro, bar turancin nan. Sunkuyar da wayar in ga ƙasan tanki."

Na sunkuyar.

"To ɗan Kanada, wa zai buɗe maka man? Gwamnati?"

Dariyar yaran garejin sai da ta sa wayar ta yi ƙara. Na murɗa makunnin a hankali, ina fatan ƙasa ta tsage. Muka jira mai ya sauka. Na danna, ta kama, amma tana wani irin gurnani kamar an shaƙe rago. Kawu yana ihu daga waya, "Ba ta wuta! Ba ta wuta!" Na murɗa totur har ƙarshe.

Ƙarar da ta biyo baya, bindigar toka ce ranar hawan daushe. Ɗan Zariya ya tsallake shinge ya faɗa gidan Baba. Tsumma ɗaya ya maƙale a reshen bishiya. Soso ɗaya ya bugi kwandon shara, ɗayan ya gangara yana hayaƙi, ya tsaya daidai gaban uwargida, wadda ta fito da tiren shayi don baƙi.

Ta ajiye tiren. Ta sa cokali ta ɗago shi, baƙi ƙirin, ta juya shi gaba da baya. Ta dubi salansa, ta dube ni. Kawu na nan a waya yana tambayar wa aka harbe.

"Malam," ta ce, "ashe ɓeran gidan nan har lasin tuƙi gare shi."