Kansar huhu ba iri ɗaya ba ce, a daina jinkirin gwajin nama

Mutum biyu za ka gani da kansar huhu, mataki ɗaya, magani ɗaya, ɗaya ya yi shekaru yana zuwa kasuwa, ɗayan kuwa kafin shekara ta zagayo an yi sadakar arba'in ɗinsa. Ajali na Allah ne, babu ja, amma akwai sababi, kuma wani ɓangarensa yana cikin naman ciwon.

Kowace ƙwayar jiki kafin ta rabu biyu akwai furotin da ke mata totur, irin su cyclin D1 da CDK4, akwai kuma masu taka mata birki, p53 da Rb da p16 da p27. Aikin gano wannan tsarin ne ya sa aka ba masana kimiyya Hartwell da Hunt da Nurse kyautar Nobel a 2001. To hayaƙin taba birkin nan yake lalatawa. Irin kansar huhun da ƙwayoyinta ƙanana ne, kusan dukkanta za ka tarar p53 da Rb sun tafi tare, mota ce a gangare ba birki ko ɗaya, shi ya sa kafin a farga ta kai hanta ko ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wani furotin mai suna Ki-67 da aka gano a Kiel ta Jamus a 1983, shi yana nuna yawan ƙwayoyin da ke kan rabuwa, in ya yi sama sosai galibi ciwon mai gudu ne.

Ba wai sakamakon gwajin naman zai faɗa maka ranar mutuwa ba ne fa, har yau matakin da ciwon ya kai shi ne babban ma'auni, kuma maganin toshe CDK4/6, wato masu totur ɗin nan, da ya taimaki mata masu kansar mama bai yi irin wannan aikin a huhu ba.

Abin da ke ci min rai wallahi, duk wannan sai an ɗan yanki naman an kai lab ake sani, mu kuma a nan mutum na tari yana rama sai a ce tibi ne, ya sha magani wata shida ba sauƙi, gwajin majina bai nuna komai ba, a sake ɗora shi a kan wani, in an ce za a yanki nama dangi su ce ai ƙarfe na taɓa daji yake bazuwa. Duk tsawon watannin nan ƙwayoyin ba su tsaya jiran kowa ba, rabuwa kawai suke.