Furen da ba shi da saiwa

Ɗiyar yayata ce ta ja mini. Tana karatun tsirrai a Kano, ta bugo waya: "Kawu, an ce akwai okid na daji a duwatsun Asir na kudancin Saudiyya, don Allah ka ɗauko mini hotonsa." Ni da ban san okid ba balle danginsa, na ce an gama. Ta ce furen yana da leɓe guda a ƙasa, irinsa kamar ƙura yake, kuma ba ya tsirowa sai ya dace da wata funfuna a cikin ƙasa, shi ya sa yake wuyar gani. Leɓen kaɗai na riƙe.

A watan Agusta, lokacin da Jidda ke dafa mutum da ransa, muka kama hanyar Abha da abokina direba, haifaffen Makka, amma Hausa a bakinsa kamar jiya ya baro Katsina. Muka hau dutsen Sauda, kusan mita 3,000, ni da 'yar jallabiya da silifas. Hazo ya sauko, haƙorana suka fara kiɗan kalangu.

Na yi ta rarrafe a cikin ciyawa ƙarƙashin itatuwan ar'ar, ƙaya na yi mini sannu da zuwa. Can sai ga shi: ruwan ɗorawa, shi kaɗai, kwance a kan dutse. Na ajiye ledar kabsarmu, wato shinkafa da nama, na yi rub da ciki ina kabbara, na ɗauke shi hoto ya fi ashirin.

"Alhaji, abincin!" in ji direba.

Ina waiwayawa na ga gwaggon biri, ƙato mai furfura har kafaɗa, ya rungume ledar. Na ce "kai!" Ya nuna mini haƙora. Na ce a ci lafiya.

Na tura mata hotunan, da yamma amsa ta iso: "Kawu, ai irin wannan ne Hajiya ke shukawa a gwangwani. Kuma ina saiwarsa? Zare nake gani a gindinsa."

Direba ya karɓi wayar ya duba, ya fashe da dariya har da hawaye. Ashe mazan yankin rawanin furanni suke ɗaurawa, daga kan wani bawan Allah ya faɗo. Da biredi da shayi muka kwana, kuma ni na biya.