Lambar da ta kunyata Fermat

Jama'a, ga wata lamba: 4,294,967,297. Biliyan huɗu da ɗoriya. Ni dai duk cikin manyan lambobi babu wadda take burge ni kamarta, saboda ta taɓa ba wani gawurtaccen masani kunya.

Ku ɗauki 2 ku ninka ta da kanta, ku sami 4. Ku ninka 4 da kanta, 16. Haka 16 ta ba da 256, ita kuma ta ba da 65,536. To ku ƙara 1 a kan kowacce, har da 2 ɗin farko: 3, 5, 17, 257, 65,537. Duka biyar ɗin nan gagara-rabo ne, wato babu lambar da take raba su ba saura sai 1 da su kansu.

A 1640 Pierre de Fermat, wani lauya a Faransa da lissafi ya shiga jininsa, ya dubi jerin nan ya ce ai haka zai tafi har abada. A yi masa adalci, ya faɗa da bakinsa cewa hujjar ba ta kammala a hannunsa ba. Amma ya sakankance. Ta shida a jerin ita ce tamu: 65,536 sau 65,536, a ƙara ɗaya.

Maganar ta kwana shekara casa'in da biyu. Sai a 1732 Leonhard Euler, wani masanin lissafi, yana ɗan shekara 25, ya ce a'a, 641 tana raba ta. Ku gwada a wayarku yanzu: 641 sau 6,700,417. Cif-cif, ko ɗaya ba ya saura.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dabarar da ya bayyana daga baya. Ba sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ana gumi ba. Ya nuna duk gagara-rabon da za ta raba wannan lamba dole ta kasance ninkin 64 da ɗaya a kai. Nan take fili ya tsuke, don gagara-rabo na farko masu wannan siffa su ne: 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji biyar kacal! Da Fermat ya bi ta nan, da yammaci guda ya ishe shi.

Shi ya sa nake jin haushin masu ɗora mana "sirrin lambobi" a Facebook. Mutum ya gwada misali uku ya ga sun dace, sai ya buga ƙirji wai ya gano ƙa'ida. Malam, wanda ya fi ka ya gwada biyar, ta shida ta kayar da shi.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Yau ga kwamfutoci masu ƙarfin gaske, an bi jerin an yi nisa, amma duk wadda aka iya tantancewa bayan 65,537 sai a tarar tana rabuwa. Har yanzu biyar ɗin nan na Fermat su kaɗai ke hannu.