Kowa na tambayar wa za a sayo, ba mai tambayar ina wanda ya ji ciwo

Daren jiya ƙanina ya kira ni daga Bauchi, ina jiyo hayaniyar majalisa a bayansa har da ƙarar cokalin mai shayi, wai gardama ce ta kaure tun bayan isha'i akan kasuwar 'yan wasa ta tsakiyar kaka, wasu na cewa kulob kaza na Firimiya in bai sayo mai cin ƙwallo ba to ya manta da kofi, wasu kuma sun dawo gida kan Wikki suna cewa a sallami wane da wane a kawo sabbin jini. Shine aka ce a kira ni tunda ina Ingila inzo in raba gardama. Na yi shiru ina sauraro kusan minti ashirin, an kira sunan 'yan wasa sun fi goma, an faɗi farashi an faɗi albashi, amma ɗan wasa mai rauni sau ɗaya tak aka ambata, shima da zagi, wani yace ai wancan kullum yana kwance cin kuɗin banza kawai yake. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har na kwanta.

Ni a garin Leicester nake, mu dai Lesta muke cewa, kuma ba kunya zan ce kulob biyu nake bi, Wikki Tourists ta gado da ta haihuwa, sai Lesta ta zama. A 2023 duk biyun suka faɗi, Lesta ta sauka daga Firimiya, Giwayen Bauchi suma suka koma 'yan dagaji, shekarar ban ji daɗin ƙwallo ba ko kaɗan. To amma tun daga nan na fara lura da yadda mutanen nan suke hirar kulob ɗinsu in tsakiyar kaka ta zo da yadda mu muke yi, kuma bambancin ba a son ƙwallo yake ba, don in dai so ne wanda ya taɓa shiga filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ranar da Wikki ke wasa da Kano Pillars ko Gombe United ya san ba a fi mu ba.

Bari in ba da misalin Janairun 2024 don shi na gani da idona. Lesta na saman tebur a rukuni na biyu ƙarƙashin koci Enzo Maresca, komai na tafiya daidai, kwatsam sai labari ya fito ɗan wasan tsakiyarsu Wilfred Ndidi ya ji rauni, an yi masa tiyata, zai yi wajen wata uku baya wasa. Mu 'yan Najeriya abin ya dake mu ta wani gefen don haka ya rasa gasar kofin Afirka ta Kwaddibuwa, aka kira Alhassan Yusuf ɗan Kano ya maye gurbinsa. A cikin watan nan dai Chelsea ta janye Cesare Casadei da ta basu aro, wato tsakiya ta ƙara yin rami, sai aka shiga cinikin Stefano Sensi daga Inter Milan, mutumin har Ingila ya zo amma ranar ƙarshe cinikin ya watse. Ba a sayo kowa a gurbin ba. Daga Fabrairu zuwa farkon Maris suka sha kashi sau uku a jere a lig, hannun Middlesbrough da Leeds da QPR, ratar da suka bayar ta dinga narkewa kamar man shanu a rana.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare a sito, Bature ne, tun yana yaro babansa ke kai shi tsohon filinsu na Filbert Street. Lokacin hutun shan shayi yakan zauna da ɗan fulas ɗinsa da jarida a naɗe, kuma duk tsawon watannin nan ban taɓa jin ya fara hira da wa za a sayo ba, kullum da Ndidi yake farawa, yau sati nawa da tiyatar, ya fara gudu shi kaɗai ko bai fara ba, ya koma atisaye da sauran ko tukuna. Yana lissafi da yatsu. Ranar da aka yi rashin nasara ta uku na ce masa ai gara a yi maza a dawo da shi ko bai gama warkewa ba, sai ya ajiye kofin ya kalle ni yace in aka dawo da shi da wuri ya sake ɓallewa waye zai ɗauki alhakin ƙafar yaron. Kaga fa kwantiragin Ndidi lokacin da ya ji raunin saura wata shida ya ƙare, zai iya tafiya kyauta, amma aka yi masa aiki aka yi jinyarsa albashinsa na shiga, ya dawo cikin Maris, suka ɗauki kofin rukunin da maki 97, a watan Yuli ya sake sa hannu na shekara uku.

Kuma ba wai dattijon nan ya fi 'yan majalisarmu ilimin ƙwallo bane, a'a, labarin ne yake zuwa masa. Kafin kowane wasa koci zai zauna gaban 'yan jarida, tambayar farko kusan kullum ita ce waye lafiya waye ba lafiya, kuma dole ya ba da amsa. Lokacin da Abdul Fatawu ɗan Gana da ke buga wa Lesta ya tsinke jijiyar gwiwa a wasansu da Angola a Nuwamban 2024 cikin 'yan kwanaki kowa a garin nan ya san kakarsa ta ƙare. Mu kuwa ɗan wasa sai kawai ka daina ganinsa, sati biyu sati huɗu baya benci ma, sai jita-jita ta cike gurbin, wani yace sun yi faɗa da koci, wani yace an yi masa asiri, wani yace ya gudu gwaji ƙasar waje. Ana zuwa hutun tsakiyar kaka bayan wasa 19 sai a ji an sallami mutum kaza an ɗauki mutum kaza, mu yi ta tafi muna cewa yanzu aka zo wajen, ba wanda zai ce tsaya, cikin waɗanda aka sallama nawa ne ƙafarsu ta lalace suna sanye da rigarmu.

Dalilin da yasa abin ke ci min rai shine na san ɗaya daga cikinsu. Ɗan maƙwabcinmu ne, a gabanmu ya taso yana buga ƙwallon tsumma a lungu, lamba shida yake bugawa irin Ndidi, dogo siriri, in ya tare hanya sai dai ka zagaya. Wani kulob na ƙaramin rukuni ya ɗauke shi, ba zan kama suna ba. A wani wasan waje ya juya zai bi mutum, takalmin ya kafe a ƙasa jikin ya juya, shi da bakinsa yace min ya ji ƙara ɗas a cikin gwiwar kamar an karya kara. Aka ɗora ƙanƙara aka naɗe da bandeji, da suka dawo aka yi hoton ƙashi aka ce ba karaya, alhamdu lillahi targaɗe ne. Bayan kumburi ya sauka aka yi masa allurar kashe zafi ya sake shiga wasa don yana tsoron wani ya ƙwace masa gurbi, minti kaɗan gwiwar ta sake gocewa. Da tsakiyar kaka ta zo sunansa baya cikin takarda, ko kiransa ba a yi ba, a bakin abokan wasansa ya ji.

Babansa ya kai shi wajen mai ɗori, kuma ni bana raina masu ɗori, sun gyara karaya da yawa a garinmu kowa shaida ne, amma wannan ciwon ba nasu bane. Jijiya ce a can tsakiyar gwiwa da ta riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri kar su zame wa juna, in ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba, kuma hoton ƙashi na yau da kullum baya nuna ta sai an shiga na'urar MRI. Ɗan ƙwallo in yana son komawa fili tiyata ake masa a ɗebo jijiya daga wani wajen a ƙafarsa a dasa, sannan ya yi wajen wata tara yana motsa jiki a hannun masana kafin ya dawo. Irinta ce ta samu Ricardo Pereira a 2020 da James Justin a 2021 a nan Lesta, duk sun dawo sun cigaba da wasa. Shi namu sai bayan fiye da shekara aka yi karo-karo aka yi hoton, likita yace jijiyar ta tsinke tun farko kuma wasan da ya ƙara yi ya ɓata gurunguntsin ciki, da aka faɗi kuɗin aiki babansa shiru kawai ya yi.

Da na je gida hutun babbar sallah sahu ɗaya muka tsaya da shi a masallacin unguwa, da aka zo zaman tahiya sai naga ya miƙe ƙafar dama gaba ya dafa ƙasa da hannu, in zai tashi sai ya jira kowa ya miƙe sannan ya bi a hankali. Yaron da ko talatin bai kai ba. Keke napep yake ja yanzu tsakanin Wunti da Yalwa, ya manna hoton tsohon kulob ɗin nasa a gilashin gaba har yau. Ya ɗauke ni bai karɓi kuɗi ba, muna tafe yana tambayata wai da gaske ne filin atisayen Lesta har da wajen ninkaya na masu jinya, nace masa eh, a Seagrave yake bayan gari, sai yayi murmushi yace Allah sarki.

Na san me za a ce min, Malam kana haɗa kulob mai kuɗin talabijin na Ingila da kulob ɗin da ke jiran gwamnatin jiha ta saki kuɗi, ai ba haɗi. Gaskiya ne, kuma ni ban ce a gina mana Seagrave a hanyar Jos ba. Amma kuɗin da ake ɗaukar sabbin 'yan wasa biyar shida da shi a tsakiyar kaka, waɗanda rabinsu ƙarshen kaka za a sake sallamarsu, in aka rage mutum ɗaya a ciki ai zai yi wa wani hoto da aiki. Kuma faɗin gaskiya ga magoya baya cewa wane ya ji ciwo kaza zai yi wata kaza, wannan ko sisi baya ci. Mun ga abin da sakaci ke jawowa, ranar 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a fili a Lafiya suna wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, yaron ya rasu. Fabrice Muamba kuwa a 2012 zuciyarsa ta tsaya minti 78 bayan ya faɗi a filin Tottenham, yau yana raye da iyalinsa. Rai na Allah ne ba musu, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Kar kuma a ɗauka nan aljanna ce. Su ma suna da masu zagi, ɗan wasa baƙar fata in ya ɓarar da fenariti abin da ake rubuta masa ba ya faɗuwa, kuma sau da yawa hirar tasu kamar ta 'yan kasuwar Kara ce, nawa aka sayo nawa za a sayar. Ahmed Musa da Lesta ta sayo daga CSKA Moscow a 2016 zaman benci ya yi ta yi har sai da ya koma can aro a Janairun 2018, kuma komawar ce ta taimake shi ya je Rasha ya zuba wa Iceland biyu. Sannan akwai abin da muke da shi su basu da shi, lokacin da ɗan maƙwabcin nan namu ke kwance gidansu bai taɓa rabuwa da 'yan dubiya ba, wannan ya kawo lemo wannan ya kawo ɗari biyar, abokan wasansa da su kansu suna bin albashi suka haɗa masa kuɗin mota zuwa asibiti. Zuciyar akwai ta. Matsalar dai dubiya bata ɗinke jijiya, kuma mu ɗin da muka cika ɗakinsa da sannu mu ne a majalisa muke ihun a kori marasa amfani a kawo sabbi.

Ina tuna 2016 lokacin koci Abdu Maikaba, Wikki ta ƙare ta uku a lig, Godwin Obaje ya ci 18 ya fi kowa a ƙasar, garin Bauchi kamar ranar hawan Daushe. Kaka na ƙarewa koci ya tafi Akwa United, Obaje shima ya tafi, muka shiga gasar Afirka wani kulob na sojojin Saliyo ya cire mu tun a zagayen share fage. Tun daga lokacin nake ganin mun saba da ɗan wasa baƙo ne, yau yana nan gobe baya nan, shi ya sa ko sunan cikakke bama riƙewa balle mu bi sawun lafiyarsa. Su ma 'yan wasan sun gane haka, shi ya sa mai ciwo ke ɓoye ciwonsa ya sha magani ya shiga fili, don ya san ranar da yace ba zai iya ba ranar ce ta ƙarshe.

Abin da na ce wa ƙanina da 'yan majalisar jiya kenan kafin katin ya ƙare, nace ku da kuke zuwa fili kuna zuwa kallon atisaye kuna kiran gidan rediyo a shirin wasanni, dan Allah in kun kira ku tambayi wane da muka daina gani ina yake, me ya same shi, waye ke biyan maganinsa, ku yi ta tambaya har ta zama al'ada. Wani a cikinsu yace to Yaya mun ji, amma dai ka faɗa mana wa ya kamata a sayo. Ban ji haushinsa ba don ni ma da haka nake.

Yaron nan yana da ƙani ɗan shekara sha biyar, ance ya fi shi iya ƙwallo, masu horar da yara na unguwa sun zo gidan har sau biyu, baban yace indai yana raye ba mai sake ɗaukar masa ɗa. Mahaifiyata ta aiko min da saƙo wai in kira Baba in roƙe shi tunda yana jin maganata. Sati uku kenan lambar na cikin wayata ban danna ba, don na san abin da zai fara tambayata, in wannan ma ya faɗi a fili waye zai kai shi asibiti.