Wane kati za ka riƙe in za ka tafi Umra?

Kaka ta yi, an sayar da riɗi, zoɓorodo ya fara shiga kasuwar Maigatari, masu rabo sun soma lissafin Umra. A makon nan kaɗai mutum uku suka same ni a rumfar POS ɗina da maganar kati. Na ukun ƙanena ne, ɗan kawuna, wanda bai daɗe da gama digiri a Dutse ba. Shi ba tambaya ma ya zo da ita ba, ya riga ya yanke hukunci: "Yaya, kiredit kad zan yanka. Na ga a YouTube da shi ake fita waje, har maki ake tara maka ka hau jirgi kyauta." Na ce ya jawo benci. Abin da na faɗa masa shi ne zan zuba a nan, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga wa mutane kuɗi.

Mu a nan kowane kati sunansa ATM. Amma iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba. Wanda ke aljihunka na cirar kuɗinka ne: abin da ka zuba shi za ka ɗiba, in ya ƙare na'ura ta ce maka babu. Shi kuwa kiredit kad katin bashi ne. Banki ne zai biya maka, ƙarshen wata ya turo maka lissafi, in ba ka biya duka a kan lokaci ba kuɗin ruwa ya fara hawa. Masu bidiyon da ƙanena yake kallo yawancinsu a Amurka suke, inda bankuna ke rige-rigen ba mutane wannan kati, kuma ana auna mutum da tarihin yadda yake biyan bashi. Damuwarsu ita ce wane kati ne ba ya cire musu kashi 3 ɗin nan cikin 100 da wasu katunan ke cira in an yi sayayya a ƙasar waje, wane ne kuma ke ba da makin jirgi. Damuwa ce ta gaske, amma tasu ce. Mutumin da kuɗinsa dala ce tun daga gida ba zai gane halin wanda ya sayar da buhun riɗi ya je neman canji ba. A nan kuma, banki ba ya ba ka katin bashi sai ya ga albashi yana faɗowa duk wata ko ka ajiye masa jingina. Manomi da ɗan tireda ba sa cikin lissafin.

Ko da ma za su ba ka, ni dai ra'ayina kada ka karɓa don wannan tafiya. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala a Riyad a shekarar 2000, ta ce katin bashin da aka gindaya masa sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudura zai biya kafin ruwan ya hau. Akwai malaman da suka sassauta wa wanda larura ta kama a ƙasashen Turawa, wannan kuma kowa ya koma ga malaminsa. Ni abin da na fi kallo ma bai kai nan ba. Umra a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, Hajjin da yake farilla ma sai ga wanda ya samu iko. To mene ne na tafiya Ɗakin Allah da igiyar banki a wuya? An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, amma ba wanda ya ce ka ƙara wa kanka hanji don sayen jallabiya da dabino.

A watan Sha'aban, farkon 2025, na raka Baffa Umra. Shekararsa ta haura saba'in, bai taɓa hawa jirgi ba, 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗi suka ce ni na san kan waya da kati, in je in zame masa ido. A ayarinmu akwai wani matashi ɗan kasuwa daga wajen Haɗeja, mai kirki, sai dai ya yarda da katinsa fiye da kima. Tun a filin jirgin Malam Aminu Kano yake yi wa tsofaffi dariya yadda suke ta shafa lalitar da suka ɗaure a ƙugu. Shi riyal 200 kawai ya riƙe. Ranar da muka kwana biyu a Makka muka shiga wani babban kanti a ƙarƙashin benen agogo, ya cika kwando da turare da cakulan na yara, aka zo biya. Aka sa kati, na'ura ta ƙi. Aka goge shi a riga aka sake sawa, ta ƙi. Ga layi ya taru a baya, mai karɓar kuɗi yana ta kallonsa. Akwai miliyoyi a asusun, na gani da idona a wayarsa, amma naira ce, kuma a lokacin bankinsa ya rufe amfani da katin naira a waje. Ƙarshenta wani dattijo daga cikin waɗanda ya yi wa dariya ne ya juya baya, ya kwance lalita, ya ranta masa.

Ba shi kaɗai abin ya ci ba. Tun 2022 da dala ta yi ƙaranci bankuna suka riƙa rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, daga dala 100 a wata zuwa dala 20, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da tasa iyakar. Madalla da hakan. Amma ƙofar da aka taɓa rufewa da saƙon tes guda ɗaya, ana iya sake rufe ta kana tsakiyar Safa da Marwa. Ga kuma farashi: banki ne ke yanka maka canjin da ya ga dama, ba sai ya yi ciniki da kai ba. Wanda ya tuna ƙarshen Janairun 2024, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 900 ta haura 1,400 a kasuwar hukuma cikin 'yan kwanaki, ya san abin da zai iya samun mai dogaro da naira yana ƙasar wani. Katin Verve kuwa, wanda shi aka fi miƙo mini a rumfa, a gida yake da ƙarfi. Kada ka ɗora tafiyarka a kansa.

Abin da ni na riƙe, kuma shi nake ba kowa shawara, katin dala ne na cirar kuɗi, mai tambarin Visa ko Mastercard, wanda ke jingine da asusun dala. Ka sayi dalarka, ko a banki ko a Wapa, kasuwar canji ta Kano, wajen ɗan canjin da ka sani, ka zuba, shi ke nan ka kulle farashinka. Naira ta hau ko ta sauka, ba ruwanka. Daɗin abin a Saudiyya shi ne riyal a ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, saboda haka ko a ka za ka iya lissafi: dala 100 riyal 375 ce, sai ɗan abin da bankinka zai cira na aikinsa. Wannan ɗan abin shi za ka tsaya ka tambaya tun kafin ka sa hannu: nawa ne na sayayya, nawa ne na cirar tsaba a na'ura, nawa ne na riƙon kati a shekara, nawa ne iyakar rana. In ma'aikaciyar ta ce ba ta sani ba, ka ce ta kira wanda ya sani. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da bankunan ruwa ba, ga irin su Jaiz da TAJ, ya je ya yi musu waɗannan tambayoyin.

Sai dai buɗe asusun ba aikin yini ɗaya ba ne, musamman ga mu na karkara da sai mun hau mota kafin mu ga reshen banki. Ni sau uku na yi sawu. Ranar farko ba sabis, ta biyu aka ce sa hannun ɗaya daga cikin masu tsaya mini bai yi daidai ba, ta uku aka ce kati sai ya zo daga hedikwata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu kafin biza ta fito ya kamata a fara, kuma in kati ya zo a gwada shi da ƙaramar sayayya ta intanet a ga ya wuce.

Duk da wannan shiri ni ma na sha nawa, har sau biyu. Na farko a Madina ne, wajen sayen dardumai da carbi na tsaraba. Kayan suka kama riyal 375 cif. Da na sa kati sai na'ura ta nuno mini zaɓi biyu: in biya da riyal ko in biya da dala. Na ce ai katina na dala ne, sai na danna dala ina jin na yi wayo. Da na duba takardar, dala 106 aka cira. Ashe in ka zaɓi kuɗin katinka, kamfanin na'urar ne ke yi maka canjin da nasa farashin, ya ɗora ribarsa. In ka zaɓi riyal, canjin ya bi ta hanyar katinka, wanda kusan kullum ya fi sauƙi. Tun daga ranar, kowace na'ura ta tambaye ni, ko ta kanti ko ta cirar kuɗi, kuɗin ƙasar da nake tsaye a cikinta nake danna mata.

Na biyun ya fi ban dariya, laifina ne kuma tsantsa. Na so in saya mana tikitin jirgin ƙasan Haramain da ke tsakanin Makka da Madina, don in hutar da bayan Baffa daga doguwar tafiyar bas. A waya ake saya, da kati. Na cike komai, aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa layina. Layin kuwa na baro shi gida cikin ƙaramar waya wajen uwargida, don ta riƙa ganin alat na rumfa. Na kira ta a WhatsApp. Gidanmu sabis ba ya kamawa a ɗaki sai an fita gindin darbejiyar ƙofar gida. Kafin ta yafa mayafi ta fita, ta lalubo saƙon, ta fara karantowa, "Malam, bakwai ne ko ɗaya ne wannan?", lambar ta mutu. Sau uku muna haka. A na huɗu ta tsaya can gindin bishiyar da wayoyi biyu a hannu, sannan muka dace. Layin da banki ya san ka da shi, da shi ake tafiya, a kuma buɗe masa karɓar saƙo a waje tun ana gida.

Ba zan zalunci katin bashi ba, akwai inda ya fi. Manyan otal da masu ba da hayar mota kan riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina. In katin bashi ne, kuɗin banki aka riƙe. In naka ne, guzurinka ne aka ɗaure, kuma yana iya ɗaukar kwanaki kafin a sake shi. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai da Guwanzu yana iya jin wannan a jikinsa. Amma mai Umra da ya biya kamfanin tafiya kuɗin masauki tun daga Kano, wa zai riƙe masa jingina?

Sai maganar Baffa, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na sa an yi masa kati shi ma, na zuba masa dala 200, na zauna na koya masa lambar sirri har ya haddace. Rana ɗaya na bar shi a masauki na je Harami, da na dawo na tarar da shi a bakin na'urar cirar kuɗi, ya miƙa wa wani yaro kati, yana faɗa masa lambar da ƙarfi kamar mai kiran sallah. Na ce, "Baffa, ai ba a faɗa wa kowa wannan lambar." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, yaron Bahaushe ne fa, ɗan Kano ne, kuma a Makka muke." Allah ya sa yaron na kirki ne. Amma a ranar na gane abin da nake gani kullum a rumfata ban ɗauke shi komai ba: tsofaffinmu miƙo kati suke yi su faɗi lamba, don a ƙauye mai POS ɗan uwa ne.

Shi ya sa lokacin da Babban Banki ya so a zuba wa alhazan 2025 kuɗin guzurinsu a kati, aka yi ta ƙorafi har aka janye aka ba su dala 500 ɗinsu a hannu, ban ga laifin masu ƙorafin ba, duk da cewa da kati nake cin abinci. Ba wai tsabar ba ta da nata haɗarin ba. Takardun dala duk girmansu ɗaya, mai 1 da mai 100, kuma an sha yi wa tsofaffi musanye a wajen canji. Lalita ma tana ɓata a cunkoso. Amma tsoho ya san yadda zai tsare abin da yake iya taɓawa da hannunsa, kuma matan da ke shimfiɗa kaya a bakin titi, da mai tura keken guragu, da mai askin da zai sauke maka gashi bayan Sa'ayi, da yawansu tsaba suka fi so. Ni rabawa na yi: kaso mafi tsoka a kati, riyal ta kwana uku ko huɗu a jiki, sai 'yar takardar dala ɗari mai shuɗin zare da na ɗinke a cikin jaka ban gaya wa kowa ba. Katin Baffa kuwa na karɓe shi, kullum da safe in ba shi riyal 50 ya sa a aljihu, ya fi jin daɗin haka nesa ba kusa ba.

Ƙanena ya saurara har na gama, ya ce, "To Yaya, makin jirgin fa?" Na tambaye shi sau nawa ya hau jirgi a rayuwarsa. Ya yi dariya ya miƙe. Jiya ya turo mini hoton fom ɗin asusun dala, yana tambaya ko zan tsaya masa. Na ce ya kawo ranar Alhamis in na dawo daga Maigatari, ya kuma zo da biro mai kyau, don sa hannun nan nasu ba sa yafe kuskure.